Wankin Kibiya a Mashayar Giwa

Wanda ya bi ta kufan Birnin Sarmaya a yau ba abin da zai gani sai ganuwa da ta zube, da kukoki, da awaki suna kiwo a inda dā manyan mutane ke tuɓe takalma. Ni ma kufan na tarar. Amma tsofaffin da suka rene ni sun riski ƙarshen daular, kuma ban taɓa jin ɗayansu ya ambaci sunanta bai yi ajiyar zuciya ba. Su yabe ta, su tsine mata, su sake yabonta, har na gane son ta suke yi, haushinta ne dai bai sake su ba.

Abin da suka fi tunawa shi ne rundunarta. Harsuna bakwai ake yi a sansanin Sarmaya. Akwai mutanen rairayi masu raƙuma, waɗanda ba a ganin bakinsu don rawani. Akwai mutanen ruwa masu jirage, da ba su yarda abinci abinci ne ba in babu kifi a ciki. Akwai 'yan sulken birni, masu ganin kowa bagidaje ne in ba su ba. Ga maƙeran kudu, ga sauransu. Ba mai jin maganar wani sosai, don haka da tambari ake ba da umarni, shi kam kowa na jin harshensa. In an sauka zango sai a ɗora manyan tukwane, kowa ya zuba abin da ya zo da shi, a ci tare ana kushe girkin juna. Tsofaffin nan sun ce ba su ƙara cin abinci marar daɗi irin wannan ba, ba su kuma ƙara samun wanda suke marmari kamarsa ba.

Maharban rundunar Wazalawa ne, labarin nan kuma nasu ne. Asalinsu mutanen Dutsen Wazal ne, can ƙetaren Kogin Baure. A zamanin Sarki Ranau yunwa da rikicin sarauta suka koro rabinsu, suka haye kogi da 'ya'yansu a kafaɗa, kwari da baka a baya. Sarki Ranau ya ba su fadamar bakin kogi su noma ba haraji, bisa sharaɗi ɗaya: su tsare masa Mashayar Giwa, wurin da kaɗai runduna ke iya haye kogin da ƙafa. Ya naɗa shugabansu Sarkin Baka, ya kafa mashinsa da hannunsa a ƙofar gidansa, ya ce, "Muddin mashin nan na tsaye, fadamar nan taku ce. Ranar da kuka ci amanata a tuge shi, ku koma inda kuka fito."

Mashin nan ya ga sarakuna uku yana tsaye. Mata na shafa masa man shanu duk kaka, yara na wasan ƙasa a gindinsa. Wazalawa suka haifi 'ya'ya a fadama, suka binne iyaye a fadama, amma ba su yanke zumunci da na ƙetare ba. Ana auratayya, ana zuwa suna, ana zuwa ta'aziyya. A birni ana ce musu 'yan ƙetare, a ƙetare ana ce musu bayin Sarmaya. Su kuwa dariya suke yi wa duka biyun, don a lokacin ba wanda ya ce su zaɓa.

Suna da wata al'ada da ba su cika faɗa wa bare ba. Dafin kibiyarsu ba shi da makari, ko ƙwarzane ta yi wa mutum ba ya kai gida. Saboda haka tun a Dutse kakanni suka haramta Bawazale ya sa wa Bawazale dafi. In rigima ta kai ga baka a tsakaninsu, sai ɓangare ɗaya ya aika wa ɗayan da ƙwaryar ruwa. In shugabansu ya tsoma hannu a ciki, alkawari ya ɗauru ke nan, kowa zai je kogi ya wanke kibansa tas kafin a gamu. A yi faɗa, a ji ciwo, mai ƙarar kwana ya tafi, saura su warke su ci gaba da harara da juna. Wankin kibiya suke kiran abin.

A zamanin Sarki Sodangi, jikan Ranau, wanda ke riƙe da sarautar Sarkin Baka sunansa Anaruwa. Gajere ne, mai faɗin ƙirji, ba ya son dogon zance, kuma a rundunar Sarmaya ya yi furfura. Shi ya koya wa Sarki jan tsarkiya tun Sarki na yaro, har ya taɓa make masa hannu, abin da Sarki bai daina yi masa tsiya a kai ba. Babban amininsa shi ne Kaura Barmo, shugaban mahaya, mutumin birni gaba da baya. Sun sha raba ƙwaryar fura ɗaya a fagen fama, kuma ɗan Kaura, wani saurayi mai fara'a da ake kira Gambo, ba ya kiran Anaruwa da komai sai Baba.

Shekarar da abin zai faru, zumar da ta daɗe a tsamiyar ƙofar fada ta tashi da hantsi, ta rabu biyu a sama. Rabi ya koma cikin kogon, rabi ya nufi gabas wajen kogi. Malaman fada suka duba suka ce alheri ne, daula za ta yaɗu. Malaman fada kuwa ban taɓa jin sun duba sun ga wani abu ba alheri ba.

Ba a daɗe ba manzo ya iso daga sabon Sarkin Wazal, wani matashi da ya haɗa kan mutanen Dutse, kansa kuma ya fara yi masa nauyi. Da aka shigo da manzon gaban Sarki, sai Anaruwa ya gane shi nan take. Cindo ne, ɗan kawunsa, taubashinsa, wanda suka koyi iyo tare a Mashayar Giwa, yanzu kuma shi ne shugaban maharban ƙetare.

Cindo ya faɗi ya yi gaisuwa yadda ta kamata, sannan ya miƙe ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki. Ubangidana Sarkin Wazal yana gaishe ka gaisuwar maƙwabci. Ya ce in faɗa maka, hannun da ya noma fadama shi ke da fadama, hannuwan da suka noma ta bakin kogi kuwa jininsa ne. Inda jininsa yake, nan ƙasarsa take. Ka sakar masa ita cikin girma da arziki, a ci gaba da zumunci. In ka ƙi, da zarar ruwa ya ja baya zai zo ya shayar da dokinsa a gefenka na kogi."

Sarki Sodangi ya ce, "Ka gai da ubangidanka. Ka ce masa kakana ya ba baƙi masauki, bai ba danginsu gādo ba. In ƙishirwa ke damun dokinsa, ya zo. Akwai mai shayarwa a mashaya." Ya nuna Anaruwa da haɓa.

Sai Cindo ya juya ya dubi Anaruwa, ya saki fuska kamar ba shi ne ya gama shelar yaƙi ba. Ya ce, "Au, ashe bawana na nan! Ranka ya daɗe, wannan da ka naɗa wa rawani ai ni ke da shi. Kai Anaruwa, haka tuwon birni ya mai da kai? Da wane cikin za ka ja baka?"

Anaruwa ya ce, "Da wanda na ja na harbo maka zabuwar da ka kai gidan surukai ka ce kai ka harbo. Yatsa shida Allah ya ba ka, ko ɗaya ba ya saiti."

Fadawa suka fashe da dariya, har Sarki ya sa hannun riga ya rufe baki. Cikin dariyar nan Cindo ya karɓi wata ƙwarya daga hannun mai rakiyarsa, ya tsiyaya ruwa daga gora, ya ajiye a gaban Anaruwa. Ya ce, "Ga ruwan gida na taho maka da shi. Wanke hannu, na ga maiƙon fada ya kama ka."

Mutane suka ɗauka cikin wasan taubasai ne. Anaruwa shi kaɗai ya daina dariya. Ya dubi ruwan, ya dubi Sarki, ya tuna 'ya'yan ƙannensa mata da ke aure a ƙetare, waɗanda za su zo gabansa da baka in ruwa ya ja. Sannan ya sa hannun dama ya tsoma har wuyan hannu. Cindo ya ɗauke ƙwaryar, ya yi sallama ya fita.

Da aka zauna shawara, Galadima Nomau ya fara magana. Tsoho ne tukuf, ya yi wa Sarki Ranau hidima yana saurayi, idonsa ya dushe amma ba abin da ke wuce shi. Ya ce, "Zaki, ga shawarar tsufa. A ɗauke Wazalawa daga mashaya a wannan karon, a kai su iyakar arewa, a kawo mutanen rairayi su tsare kogi. Ban ce ina zargin kowa ba. Na ce ba a tauna taura biyu, kuma bai kamata mu tura wa bawan Allah su a baki ba."

Anaruwa ya ji maganar kamar mari. Ya tashi ya ce, "Allah ya ba Sarki nasara. Kakana ya mutu a mashayar nan, ubana ya bar idonsa ɗaya a cikinta. Don ita aka ba mu fadama. In yau aka ce ba mu isa mu tsare ta ba, to da wane baki za mu ci dawar da muka noma? Ku bar ni a inda mashi ya kafa ni. In ƙafar mutumin ƙetare ta taka gefen nan ta zauna, a tuge mashin."

Kaura Barmo ya buga ƙasa da sandarsa. "Galadima, tsufa ya sa ka tsoron inuwa. Ni na san mutumin nan. Ranar da dokina ya faɗi a yaƙin rairayi, shi ya tsaya a kaina har kwarinsa ya ƙare. In Anaruwa maci amana ne, to ni ma ku ɗaure ni. Zan tsaya a bayansa da mahayana, ɗana Gambo kuma shi zai riƙe tuta."

Sarki ya ce, "Magana ta ƙare. Sarkin Baka na mashaya, Kaura na bayansa. Malamina ba zai kunyata ni ba."

Bayan an watse, Galadima ya sa aka tsayar da Anaruwa a gindin tsamiya. Ya kama hannunsa na dama, ya shafa, ya ce, "Har yanzu da sanyin ruwa. Ɗana, na taɓa ganin ƙwaryar nan sau ɗaya a zamanin kakanka. Na san abin da take nufi. Koma ciki ka gaya wa Sarki."

Anaruwa ya sunkuyar da kai. "Baba Galadima, in na faɗa, majalisa za ta ce a sa dafi. Daga nan ko in ƙi umarnin Sarki a tuge mashi, ko in sa wa 'ya'yan ƙannena dafi in zama abin tsinuwa har jikoki. In na yi shiru na ba shi mashayarsa, wa zai tambayi abin da ke bakin kibiya? Kibiya wankakkiya ma tana tsai da mutum."

"Shirun nan naka," in ji Galadima, "shi ma magana ce, kuma wata rana za a fassara ta ba da bakinka ba. Ni ba zan tona ka ba. Amma ramin da ka shiga ƙurarre ne."

Anaruwa ya tafi yana ganin ya sami hanyar da zai fita haƙƙin kowa. Abu ɗaya ne bai tsaya ya auna ba, kuma duk wanda ya san shi ba zai yi mamaki ba. Ya daɗe yana cin tukunya ɗaya da mutanen Sarmaya har ya manta ana bambanta su da shi. Da ya tsoma hannu a ƙwarya, a ransa rundunarsa ya tsoma wa, gaba ɗayanta. Al'adar kuwa jini ta sani, ba ta san tukunya ba.

Ruwa ya ja baya. Da safiyar ranar gamo Wazalawan fadama suka sauka bakin kogi, can ƙasa da inda sauran runduna za ta gan su, suka durƙusa suna dirje kibau da yashi da toka. Da suka ɗaga kai sai suka hangi na ƙetare su ma a durƙushe suna wankin nasu. Wani tsoho daga can ya ɗaga hannu, wani daga nan ya ɗaga masa. Daga nan kowa ya koma sahu.

Da rana ta ɗaga, mutanen Dutse suka shigo ruwa sahu sahu, garkuwa a kai, ruwa iya ƙugu. Anaruwa ya bari sai da suka kai tsakiya, sannan ya ɗaga baka. Kibau suka tashi har suka yi wa kogin inuwa. Sau uku na ƙetare suna tasowa, sau uku ana mai da su. A na ukun har wasu suka kama ciyawar gefen nan, Anaruwa da kansa ya shiga ruwa da gatari ya kore su, kibiya a kafe a kafaɗarsa. Duk wanda ya ga faɗan ranar ya shaida ba wasa Wazalawan fadama suka yi ba. Ɗan'uwa ya harbi ɗan'uwa yana kuka, amma ya harba.

Da Kaura ya ga sahun ƙetare ya karye, sai ya sa aka buga tambarin sukuwa, don a haye a gama da su. Mahaya suka faɗa ruwa, Gambo a gaba da tuta. A lokacin ne Anaruwa, yana tsaye cikin ruwa, ya hangi maharban Cindo a kan gaɓa suna yar da kwarin da ke kafaɗarsu, suna jawo wani daga baya mai jan baki. Kwari biyu kowannensu ya zo da shi. Wankakku don dangi, masu dafi don bare.

Ya yi kururuwa. Ya ruga cikin ruwa yana ɗaga hannu, yana cewa su koma, da dafi, su koma. Amma tsoro ya mai da shi harshen uwarsa, ba mahayin da ya ji abin da yake faɗa, kuma a rundunar Sarmaya in tambari na magana ba a sauraron mutum. Wasu ma suka ɗauka kirari yake musu, suka ɗaga masa mashi suka wuce.

An ci yaƙin. Mahaya suka haye, suka kori mutanen Dutse har gindin duwatsu. Gambo ya dawo yana dariya, tuta a hannu, ya sauka a gaban Anaruwa ya nuna masa wani ɗan ƙwarzane a damtse. Ya ce, "Baba, dubi duk abin da danginka suka iya yi mini. Ashe kai kaɗai ne maharbi a gidanku."

Anaruwa ya kama damtsen ya tsaga da wuƙa, ya sa baki yana tsotsa yana tofarwa, ko da yake ya fi kowa sanin aikin banza yake yi. Kafin azahar Gambo ya cika a cinyarsa. Haka mahaya suka yi ta zubewa daga kan dawaki, wasu da raunin da ko yaro ba zai yi wa kuka ba. A gefe guda kuwa ga maharban fadama zaune, wani da kibiya a cinya, wani a haƙarƙari, ana cire musu suna neman ruwan sha. Ba sai an kira malamin duba ba. Ranar aka ɗora tukwane kamar kullum, amma harsuna shida suka ja nasu gefe.

Sarki Sodangi ya taso daga birni da rigunan girma don ya yi wa Sarkin Baka tukuici. A ƙofar gidan Anaruwa aka yi masa shimfiɗa, gab da mashin. Kafin maroƙa su buɗe baki, Kaura Barmo ya fito. Ya rame cikin 'yan kwanakin nan har rawani ya yi masa yawa. Ya ajiye kibau biyu a gaban Sarki, ɗaya baƙa da dafi, ɗaya fara tas.

Ya ce, "Zaki, wannan baƙar daga jikin mahayina aka ciro ta. Wannan farar daga kafaɗar Sarkin Baka. Daga gaɓa ɗaya suka fito, rana ɗaya. Na bincika kwarin mutanensa, duk farare ne. Ni na tsaya a gabanka na ce in shi maci amana ne a ɗaure ni. To ga ni, a ɗaure ni. Amma kafin nan a tambaye shi, ya san da wannan ko bai sani ba?"

Sarki ya dubi Anaruwa. "Malam, ka ji."

Anaruwa ya faɗi gaskiya duka, tun daga ƙwaryar da aka ajiye a fada ana dariya. Ya ce, "Ban san da kwari na biyu ba, Allah shi ne shaidata. Amma na san da na farko, na kuma ɓoye. Ranka ya daɗe, na ce zan ba ka mashaya, na ba ka. Laifin nawa ne ni kaɗai. Ga wuyana. Ka bar wa mata da yara fadamarsu."

Galadima ya ce a taimaka masa ya tashi. "Zaki, ni ma na sani na yi shiru, a haɗa da ni. Mutumin nan bai sayar da kai ba. So ya yi ya zama ɗa a gida biyu. Ka dubi jinin da ya zubar maka."

Sarki ya dubi rundunarsa da ke tsaye, mutanen rairayi da na ruwa da na birni, ba mai kallon Wazalawa a cikinsu. Sannan ya ce, "Malam, da ka zo ka faɗa mini, da na yi fushi, da na zage ka, da kuma na hana Kaura haye ruwa. Ka ba ni mashaya, amma ka zaɓar wa mutanenka rai a bayan idona, ka bar nawa a rana. In na bar mashin nan a tsaye, gobe ba mai bin tambarina. Wuyanka ba na so. Maganar kakana ce za ta cika." Ya juya ga Kaura. "Tuge shi."

Anaruwa ya ce, "A bar ni in yi da hannuna."

Ya je ya kama mashin da mata suka shekara da shekaru suna shafa wa mai. Mutane na zaton sai an yi haƙa. Da hannu ɗaya ya zaro shi, don gindin duk tsatsa ta cinye. Ya kwantar da shi a gaban Sarki, ya tuɓe rawaninsa ya ɗora a kai. Mata suka sa kuka. Dawa na tsaye a fadama ta kusa nuna, haka suka bar ta.

A gaɓar ƙetare Cindo ya tarye su, yana ɗingishi daga kibiyar da wani ɗan ƙanwarsa ya sa masa a gwiwa. Ya ce, "Sannu da zuwa gida, bawan Sarmaya." Da ya ga fuskar Anaruwa sai ya bar wasan.

"Cindo, me ya sa kwari biyu?"

"Kai ma ka san al'ada. Jinina na wanke wa. Su wa na sani a cikin waɗancan?"

"Yaron da ke riƙe da tuta, a cinyata ya koyi cin tuwo."

Aka ba baƙin wani tsandauri a bayan Dutse, aka ci gaba da kiran su bayin Sarmaya, yanzu kuma ba mai dariya in an faɗa.

Shekara ta kewayo, ruwa ya sake ja, Sarkin Wazal ya sake tara runduna. Ya aika a kira Anaruwa, don ba wanda ya san harshen tambarin Sarmaya kamarsa. Anaruwa ya ce a gaya masa kafaɗarsa ba ta warke ba. Amma ranar gamo ya sauko bakin kogi, ba baka ba kwari. Ya tarar da Cindo ya ɗebo ruwa a ƙwarya bisa sabo, yana tsaye yana duban ƙetare. Babu Bawazale ko ɗaya a can da za a kai wa. Kaura Barmo ne ke tsaron mashaya.

Anaruwa ya ce, "Ba ni ita. Ni zan kai."

"Wa za ka kai wa? Ba jininmu a can."

"Akwai nawa. In Kaura ya tsoma hannu, za ka wanke?"

Cindo ya dube shi, ya dubi maharbansa, ya ce, "In ya tsoma, na rantse da kabarin kawunka, duka kwari biyun zan wanke, Sarkin Wazal ya yi abin da zai yi da ni."

Anaruwa ya shiga ruwa da ƙwarya a hannu biyu, yana tafiya a hankali kada ta zube. Rundunoni biyu suka zuba masa ido. Da ya kai gaɓa ya durƙusa a gaban dokin Kaura, ya ɗaga ta sama, ya bayyana masa abin da take nufi, da harshen birni, a fili, kowa na ji.

Kaura ya sauko daga kan doki. Ya karɓi ƙwaryar, ya daɗe yana duban ruwan, hawaye na bin gemunsa. Sannan ya taka zuwa wani ɗan tudun ƙasa da ke gefen mashaya, wanda aka kewaye da duwatsu, inda aka binne Gambo, ya tsiyaye ruwan a kansa har ƙarshe. Ya dawo ya miƙa wa Anaruwa ƙwaryar.

Ya ce, "Bara ya kamata ka kawo mini ita, aboki."

Anaruwa ya juya ya shiga ruwa. Yana tsakiyar kogi tambari ya tashi a bayansa, ganguna suka amsa a gabansa. Ba wanda ya ga ya ƙarasa wani gefe. Tun daga ranar ba a ƙara wanke kibiya a Mashayar Giwa ba, kuma ta wannan mashayar aka shiga Sarmaya aka ci ta da yaƙi, harsunanta bakwai kowanne ya kama gabansa. Tsohuwar da ta fi ba ni labarin nan, wadda aka haifa a fadama ta tsufa a tsandauri, ta ce da yamma matan da ke ɗiban ruwa can ƙasa sun ga ƙwaryar tana bin kogi, ta doshi wannan gaɓa ruwa ya mai da ita, ta doshi waccan ya mai da ita. Suka tsaya suna kallo har ta sha kwana, ba wadda ta san ko ta wa ce balle ta tsamo ta.